Kundin aiki: bulok ɗin K24 da tof ɗin K20, matsi sama da 13:1 da manyan kamshaf

11 ga Janairu, 2025

Injin da ake haɗawa bulok ne na Honda K24A, irin wanda ya zo a Accord ƙirar 2003, za a ɗora masa tof silinda na K20A2 mai lambar PRB, wanda ya fito a Acura RSX Type-S. Babu tabo (turbo), iskar da injin ya zuƙa da kansa ita ce abincinsa. Bulok ɗin na Beljiyam ne daga Ƙofar Ruwa, tof ɗin kuwa odarsa aka yi. Civic EK ce za ta ɗauke shi.

K24 yana da faɗin silinda milimita 87 da tafiyar fistan milimita 99, jimilla cc 2,354. Doguwar tafiyar nan ita ce ke ba shi ƙarfin ja tun daga ƙasa. Sai dai wanda ke cikin Accord ɗin Amurka, wato K24A4, matsinsa, wato ninkin da fistan ke matse cakuɗen mai da iska, 9.7:1 ne, kuma tof ɗinsa an yi shi ne don tsimin mai. Tof ɗin PRB yana da roka uku da tudun kamshaf uku a kan kowace silinda, a ɓangaren shiga da na fita duka, ga kuma giyar VTC da ke iya tura kamshaf ɗin shiga gaba har digiri 50 na karanshaf. A motarsa ta asali matsinsa 11.0:1 ne.

Abin da ake nema shi ne matsi 13:1, kamshaf masu ɗaga bawul milimita 13, da iyakar juyi 8,400 a minti. An tsaya a 8,400 da gangan. Fistan mai tafiyar milimita 99 a wannan juyin yana gudun mita 27.7 a daƙiƙa a matsakaici, kuma kwanrod ɗin milimita 152 ne kawai, rabonsa da tafiya 1.54. Duk wanda ya ce zai kai K24 juyi 9,500 kamar K20, kwanrod da ƙusoshinsa ne za su biya kuɗin.

25 ga Janairu

An kwance bulok, an wanke, an auna. Silindoji sun ɗan ci a sama inda zobe ke juyawa, don haka aka faɗaɗa su zuwa milimita 87.5. Karanshaf lafiya yake, goge shi kawai aka yi.

Fistan ɗin da aka sayo na ƙira ne, na alminiyom 2618. Wannan ƙarfen yana jure duka fiye da 4032, amma yana kumbura sosai idan ya ɗau zafi, shi ya sa yake buƙatar tazara mai faɗi tsakaninsa da bangon silinda. An ba shi milimita 0.09. Za a ji yana ɗan kaɗawa da safe kafin inji ya yi zafi, wannan halinsa ne. Abin lura a nan: sai an kai wa mai yankan bulok fistan ɗin a hannu, ya auna kowanne da maikiromita, ya yanka kowace silinda daidai da nata. Idan lamba kawai aka faɗa masa da baki, za a dawo da rami huɗu masu faɗi ɗaya ga fistan huɗu da ba lallai su zama ɗaya ba.

Bakin zobe: na sama milimita 0.40, na biyu 0.46. An tura kowane zobe cikin silindarsa da kan fistan don ya zauna daidai, aka auna da filageji, aka goge bakin da hannu kaɗan-kaɗan. Na biyu ya fi na sama faɗi ne don iskar da ta tsere wa na sama ta samu hanyar wucewa. In ta maƙale a tsakani, sai ta ɗaga zoben sama daga mazauninsa a juyi mai yawa. Idan kuma bakin ya yi ƙunci, zafi zai sa bakunan biyu su haɗe, zoben ya ciji silinda, ya ɓalle gefen fistan.

Mital ɗin kwanrod an zaɓe su har tazarar mai ta tsaya a 0.048 zuwa 0.050, na karanshaf 0.043 zuwa 0.046. Honda na bambanta kaurin mital da launi, don haka ana iya haɗa rabi da rabi har a samu abin da ake so.

8 ga Fabrairu

Yau lissafin matsi, da awo na gaske. Abin da aka rubuta a kwalin fistan, an rubuta shi ne bisa wani tof da wani gasket da ba lallai su ne a hannunka ba.

An ɗora bawul da fulogi a tof, aka shafa giris siriri a bakin ɗakin ƙonewa, aka rufe da farantin roba mai haske da aka huda masa rami, aka riƙa ɗura ruwa mai launi da sirinji har ya cika ba kumfa. Kafin a taɓa fuskar tof, ɗakunan sun ba da cc 50.5. Fuskar ta ɗan karkace, aka yanke milimita 0.15 don ta miƙe, awo ya koma 49.8. Ɗaki ɗaya ya gaza sauran da cc 0.4, aka goge gefensa har ya zo daidai, domin silindar da ta fi matsi ita ce za ta fara ƙwanƙwasa, wato mai ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso shi, kuma ita za ta yanke wa sauran ukun tayimin ɗin da za su samu.

Ga lissafin silinda ɗaya:

- Abin da fistan ke sharewa, faɗi 87.5 da tafiya 99: cc 595.3
- Ɗakin ƙonewa: cc 49.8
- Gasket mai rami 88 da kauri 0.76: cc 4.6
- Fistan na tsayawa milimita 0.25 ƙasa da fuskar bulok: cc 1.5
- Tozon fistan, bayan an cire guraben bawul: a debe cc 7.0

Abin da ya rage a sama idan fistan ya kai ƙololuwa shi ne cc 48.9. A haɗa 595.3 da 48.9, a raba da 48.9, ya ba da 13.2:1. Da ba a yanke tof ba, da 13.0 za a samu. Yankan da bai kai kaurin takarda biyu ba ya ƙara 0.2. A wannan matakin kowane cc ɗaya yana motsa matsi da kusan kwata.

Tazarar da ke tsakanin shimfiɗaɗɗen gefen fistan da fuskar tof ita ce 0.76 da 0.25, wato milimita 1.01. An yi shawarar a sa gasket mai kaurin 1.3 don a sauke matsi, ba a karɓa ba. Wannan ƙunƙuntar tazarar ce ke feso cakuɗen mai da iska zuwa tsakiya lokacin da fistan ya iso sama, wutar ta ci da sauri, gefe ya kasa samun lokacin fashewa da kansa. Gasket mai kauri yana rage lambar matsi a takarda, amma yana kashe wannan fesowar, sau da yawa injin ya fi saurin ƙwanƙwasa fiye da da. Wanda yake son rage matsi, tozon fistan zai rage.

15 ga Fabrairu

Kamshaf sun iso. Babban tudun shiga yana ɗaga bawul milimita 13.0, tsawon buɗewarsa kusan digiri 300. Na fita 12.2. Ƙananan tudun ma an ƙara musu girma, kusan digiri 250 a ɓangaren shiga.

Sifirin ɗin asali ba zai ɗauki wannan ba. An sa masu biyu-biyu, ɗaya cikin ɗaya. An auna abu uku a kowane bawul. Na farko ƙarfin sifirin a zaune, ya tsaya wajen kilo 37. Na biyu, ratar da ta rage kafin zagayen sifirin su haɗe idan bawul ya buɗe gaba ɗaya. Ana son aƙalla milimita 1.5, an samu 1.9. Na uku, rata tsakanin ƙasan hular sifirin da sil ɗin bawul. A nan bawul biyu na shiga suka ba da 1.1, ƙasa da 1.5 da ake so, saboda sil ɗin bai gama zama a kan gaid ba. An sake buga su da abin da ya dace, suka koma 1.7. Da an bar su, hular za ta riƙa dukan sil ɗin har ya yage, inji ya fara shan baƙin mai, a yi ta zargin zobe.

Sifirin mai rauni yana barin bawul ya yi shawagi a juyi mai yawa, ya makara wajen rufewa, fistan ya riske shi. Mai ƙarfi fiye da kima kuma yana cin tudun kamshaf da rola, yana kuma wahalar da sarƙa. Ba a neman wanda ya fi kowa tauri.

22 da 23 ga Fabrairu

Kwana biyun nan su ne zuciyar aikin: auna tazarar bawul da fistan.

An haɗa silinda ta ɗaya da tsohon gasket mai kauri iri ɗaya da sabon, aka ɗaure tof. An cire sifirin na gaske aka sa masu laushi da yatsa ke iya dannawa. An kulle roka ukun wuri ɗaya don bawul su bi babban tudu, domin VTEC, tsarin da ke sauya bawul daga ƙaramin tudu zuwa babba, da matsin mai yake shiga, kuma inji a tsaye ba shi da shi. Wanda ya auna ba tare da kulle roka ba, ƙaramin tudu ya auna, lambarsa ba ta da amfani. An gyara ratar bawul yadda za ta kasance a aiki, 0.23 shiga da 0.28 fita. An ɗaura faifan digiri a karanshaf, aka nemo ƙololuwar gaskiya da abin tare fistan, ba a dogara da alamar fuli ba.

Daga digiri 20 kafin ƙololuwa zuwa 20 bayanta, ana tsayawa kowane digiri 5, a ɗora agogon awo a kan hular sifirin, a danna bawul har ya taɓa fistan, a rubuta. Bawul ɗin fita ya fi kusantar fistan wajen digiri 10 kafin ƙololuwa, lokacin da yake rufewa fistan na bin sa. Na shiga kuwa wajen digiri 10 bayan ƙololuwa, yana buɗewa da sauri fistan bai gama kaucewa ba.

Ɓangaren fita ya ba da milimita 2.7. Ƙa'idar da aka saba ita ce aƙalla 2.5 a fita, 2.0 a shiga. Fita ya fi buƙatar rata saboda ya fi zafi, ya fi miƙewa, kuma idan sifirin ya gaza shi ne fistan ke fara samu.

Ɓangaren shiga sai da aka maimaita shi a kowane matsayi na giyar VTC:

- digiri 0: milimita 4.6
- digiri 10: 3.9
- digiri 20: 3.1
- digiri 30: 2.3
- digiri 35: 1.9
- digiri 40: 1.4
- digiri 50: 0.5

Kowane digiri goma yana cinye kusan milimita 0.8. A 50, rabin milimita ya rage a inji mai sanyi da ake juyawa da hannu. A juyi 8,000, kwanrod ya miƙe, sarƙa na kaɗawa, wannan rabin ba ya nan.

Akwai awo na biyu da mutane ke mantawa, tazarar bawul da bawul. Lokacin da na shiga da na fita suke buɗe tare, kawunansu na kusantar juna a tsakiyar ɗaki. An cire tof daga bulok, aka juya kamshaf biyun a matsayinsu, aka zura filageji a tsakani. A digiri 30 an samu 1.1, a 40 an samu 0.5. Ko da an zurfafa guraben fistan, wannan ba zai gyaru ba.

An tsayar da iyaka a digiri 30, kuma da ƙarfe aka tsayar. An buɗe giyar VTC aka sa mata tsinken tarewa a ciki. Rubuta 30 a birenbos kaɗai bai isa ba, domin mai ne ke tura giyar, kuma tana iya zarce inda aka ce ta tsaya da 'yan digiri idan aka taka totur farat ɗaya, ko mai ya yi kauri, ko solinoyid ya yi datti. Zarcewa sau ɗaya ta isa ta lanƙwasa bawul takwas.

A ƙarshe an tabbatar da laka: aka liƙa ta a guraben fistan, aka juya inji zagaye biyu, aka yanka da reza. Zurfin ya yi daidai da agogo, gefen bawul da bangon gurbi kuma akwai 1.4.

8 ga Maris

Ana yawan cewa babban kamshaf yana zubar da matsi, don haka 13:1 ba abin tsoro ba ne. Maganar tana da tushe. Fistan ba ya fara matse komai sai bawul ɗin shiga ya rufe, kuma babban tudu yana rufewa ne bayan fistan ya yi nisa da tasowa. To amma a injin VTEC mai VTC, lokacin rufewar ba ɗaya ba ne, yana canjawa da tudun da ake kai da inda giyar take. An auna a faifan digiri, aka lissafa tafiyar da ta rage wa fistan da kwanrod 152, ga abin da ya fito:

- Babban tudu, VTC 15: rufewa digiri 85 bayan ƙasan tafiya, matsin aiki 8.6:1
- Babban tudu, VTC 30: digiri 70, matsi 10.1:1
- Ƙaramin tudu, VTC 0: digiri 75, matsi 9.6:1
- Ƙaramin tudu, VTC 15: digiri 60, matsi 10.9:1
- Ƙaramin tudu, VTC 30: digiri 45, matsi 11.9:1

Layin ƙarshe shi ne wurin haɗari. Ƙaramin tudu da VTC a gaba, wato juyi 2,500 zuwa 4,000 da totur a buɗe, daidai inda direba ke taka mota a giya ta huɗu yana son wuce tirela. A nan babban tudun da aka kashe wa kuɗi bai ma shigo ba. Juyi kaɗan ne, don haka cakuɗen da ke gefen ɗaki yana da isasshen lokacin da zai yi zafi ya fashe kafin wutar fulogi ta iso shi. Wannan fashewar ce ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ita ce ke farfasa gefen fistan da ke riƙe da zobe, ta daddaki mital.

A sama kuma lissafin matsin aiki yana rage amfani. Idan juyi ya kai inda kamshaf ke aikinsa, iskar da ke gudu a bututun shiga tana ci gaba da cusa kanta ko da fistan ya fara tasowa, silinda ta cika maƙil. Abin da aka ce an zubar ya dawo. Shi ya sa matsin silinda ya fi yawa a daidai inda ƙarfin ja ya kai ƙololuwa, kuma can ma sai an yi hattara da wuta.

15 ga Maris

An rufe ƙasan inji. Famfon man K24 yana haɗe da sanduna biyu na rage girgiza masu juyawa ninki biyu na karanshaf, wato 16,800 idan inji na 8,400. An cire shi aka sa na K20A2 da sarƙarsa. Sai da aka ɗan yanke jikinsa ya zauna, aka kuma toshe ramin man da ke ciyar da sandunan. In aka manta wannan ramin, matsin mai zai zube ta nan.

Bulok ɗin K24 ya fi na K20 tsayi, 231.5 da 212, don haka sarƙar tayimin da murfinta na K24 ne. Sarƙa sabuwa, gaid sababbi. Tenshina ma an sa mai ƙarfafan haƙora, saboda tudu mai tsini da sifirin mai tauri suna sa kamshaf ya riƙa fizgar sarƙa gaba da baya, haƙoran tenshina su cinye, sarƙa ta yi sako-sako ta tsallake. Da tazarar 2.3, haƙori ɗaya ya isa. An ɗaure tof da ƙusoshin ARP bisa ma'aunin takardarsu da man shafawarsu, daga tsakiya zuwa waje, a mataki uku.

5 ga Afrilu

Kafin a tayar, an cire fulogi aka juya da sitata har agogon mai ya motsa. Awon matsi da totur a buɗe: 248, 251, 246, 250 psi. Ya yi daidai da abin da lissafin 9.6:1 ya nuna a tsayin Kano, wajen mita 480 sama da teku.

Birenbos na RSX ne mai Hondata K-Pro, abin da ke ba da damar sake tsara shi. Nozul cc 750 a madadin 310 na asali, famfon fetur lita 255 a awa. Fulogi NGK mai lamba 8, mataki ɗaya mafi sanyi daga 7 na asali, bakinsa 0.8. Matsi mai yawa yana wahalar da tartsatsi wajen tsallaka baki mai faɗi, kuma fulogi mai zafi kansa na iya zama garwashin da zai kunna mai kafin lokaci.

Ya tashi. An riƙe shi tsakanin 2,000 da 2,500 har fanka ta kama, ana duba yoyo. Abubuwa uku suka bayyana.

Silo ya ƙi zama a 800. Matsin manifol a silo ya tsaya wajen kPa 48, inda injin asali ke zama kusa da 30, saboda bawul ɗin shiga da na fita suna daɗewa a buɗe tare. An ɗaga silo zuwa 1,050, aka bar birenbos ya riƙa daidaita shi da tayimin ɗin wuta. Na biyu, wannan raunin zuƙa ya shafi birki ma: taka na farko lafiya, na uku a jere feda ta yi tauri. Za a ƙara tankin ajiyar zuƙa da bawul mai hanya ɗaya kafin motar ta hau titi.

Na uku, idan inji ya yi zafi aka kashe, sitata na yin nishi kamar batir ya mutu. Batir lafiya yake. Wuta ce ke kamawa da wuri tana tura fistan baya. An rage tayimin ɗin tayarwa, aka sa wayar batir da ta as masu kauri, ya daina.

19 ga Afrilu

Batun mai. Fetur ɗin gidajen mai a nan lambar okten ɗinsa, wato juriyarsa ga ƙwanƙwasa, wajen 90 zuwa 91 ne, kuma daga wannan gida zuwa wancan ba ya zama ɗaya. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa. Sensar iskar shiga ta nuna 58 bayan tsayuwar minti biyar da murfi a rufe. An mayar da matatar iska bayan bamba, aka sa gasket mai hana zafi tsakanin manifol da tof, ta sauko zuwa 46 a tafiya.

Man jirgi na 100LL yana da okten, amma akwai dalma a ciki, tana kashe sensar salansa da ake tunin da ita. An zaɓi itanol. Okten ɗinsa ya kai wajen 108, kuma yana sanyaya iska sosai lokacin da yake zama tururi. Ba a sayar da E85, haɗin itanol kashi 85 da fetur, a famfo, don haka haɗawa ake yi da hannu, rabi da rabi, aka kuma sa sensa a layin mai tana faɗin kason da ke ciki. Fetur zalla yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi 1, itanol zalla 9.0, rabi da rabi wajen 11.8. Shi ya sa aka girmama nozul.

Itanol na kasuwa mai kashi 96 yana ɗauke da ruwa. In aka zuba shi kaɗan a fetur mai yawa, yana iya rabewa ya kwanta a ƙasan tanki, famfo ya fara zuƙarsa. Kowace jarka sai an gwada ta a kwalba: a haɗa daidai yadda za a zuba, a girgiza, a bar ta ta kwana. In ta yi hazo ko ta rabu biyu, ba ta shiga tanki. An kuma canza duk tiyo na roba zuwa masu jure itanol.

3 ga Mayu

An canza man farko, an sake duba ratar bawul, aka hau dayino, na'urar auna ƙarfin mota. An ɗaura bututun jan ƙarfe a jikin bulok aka jawo tiyo zuwa abin toshe kunne, domin fistan na ƙira da manyan kamshaf suna da surutu, sensar ƙwanƙwasa na ɗaukar surutun a matsayin matsala. Kunne ne ke raba gardama.

Tsarin shi ne a kulle VTC a 0, a gyara mai da wuta a ƙaramin tudu kaɗai, a maimaita a 10, 20 da 30, sannan a yi haka a babban tudu. Bayan nan a ɗora layukan a kan juna, a ɗauki wanda ya fi a kowane juyi. Lamda, ma'aunin haɗin iska da mai wanda 1 ke nufin daidai wa daida, a cikakken totur 0.87.

A kan haɗin itanol, ƙaramin tudu ya fi son digiri 30 daga 2,800 zuwa sama. Layinsa da na babban tudu sun haɗu a 4,600, nan aka sa shigar VTEC. Babban tudu ya so 30 har zuwa 6,500, daga nan ana janye shi a hankali ya koma 15 a 8,200. Wuta ta tsaya a digiri 26 a sama. An gwada 28, ƙarfi bai ƙaru ba, aka koma 26. Duk digirin da bai ƙara ƙarfi ba nauyi ne kawai a kan mital. Sakamako: doki 262 a taya a juyi 8,100, ƙarfin ja N·m 260 a 6,300.

Daga 20 zuwa 30 a tsakiyar juyi layin yana ta hawa, alamar da an samu 35 ko 40 da ya ƙara. Bawul ba su da wurin, don haka an bar wannan ƙarfin a inda yake.

Sai aka zuƙe tanki aka zuba fetur zalla don a yi taswira ta biyu, wato wani tsarin mai da wuta a birenbos. Ƙwanƙwasa ta fito daidai inda lissafin Maris ya nuna, 3,000 zuwa 3,600, ƙaramin tudu, VTC 30. Janye wuta kaɗai ya kai ga digiri 9, zafin salansa ya tashi, motar ta yi nauyi. Da aka mayar da VTC zuwa 10 a wannan yankin, sai ta karɓi wuta digiri 15 ba ƙara, ta kuma fi ja. Rufe bawul a makare ya fi jinkirta wuta amfani a nan. A sama fetur bai karɓi fiye da 19 ba, ƙarfi ya sauka zuwa 236. Wannan taswirar ta kai mota gida ce. An sa mata iyakar juyi 7,000, da umarnin janye wuta digiri 1 a kowane ƙarin digiri 5 na zafin iska sama da 45.

10 ga Mayu

An zura kyamara ta ramin fulogi. Babu tabon bawul a kan fistan ko ɗaya, babu ɗige-ɗigen alminiyom a farin fulogi. Awon yoyon silinda kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari. An yanka filtar mai aka buɗe takardarta, ba ƙyallin mital. Ta ƙaramar tagar murfin sarƙa an ga tenshina bai ƙara fitowa ba.

Tankin zuƙar birki ya shiga, feda ta daidaita. Zafin baƙin mai ya kai digiri 124 bayan ja uku a jere, ya yi yawa ga tazarar mital 0.050, don haka an yi odar kular mai mai layi 19 da tamostat. Lagireto na alminiyom mai layi biyu yana riƙe ruwa a 90.

Da zarar kular ta iso za a koma dayino a cike taswirar da ke tsakanin fetur zalla da rabi da rabi, a kashi 20 da 35, don birenbos ya riƙa bin sensa da kansa. Ratar bawul kuma za a sake aunawa a kilomita 1,500, musamman na fita a silinda ta uku da ya matse da 0.02 a awon da ya wuce.